Yadda Muka Kafa Zauren Taimakon Juna a WhatsApp Bayan Na Farko Ya Mutu a Hannuna

A azumin 2020, lokacin kullen korona a Kano, kasuwa a rufe, masallatai a rufe, na buɗe wa unguwarmu zauren WhatsApp. Duk lambar da ke wayata na zuba, har muka kai mutum 256, iyakar abin da zaure ke ɗauka a wancan lokacin. Sati biyun farko an yi abin kirki, an tara gero da sukari an kai gidajen da ba a ɗora tukunya. Daga nan sai hotunan furanni na barka da Juma'a, sai tallan atamfa, sai wa'azin awa guda mai cinye data. Da Rabi'ul Awwal ya kama, gardamar Maulidi ta ƙarasa shi. Ranar da na tabbatar ya mutu ita ce ranar da wani maƙwabcina ya rubuta cewa iyalinsa na buƙatar jini, saƙon ya nutse cikin cacar baki, ba wanda ya gani sai washegari. Allah ya rufa asiri ya samu a wajen danginsa. Mu dai mun zama taron tsintsiya ba shara.

Na biyun mun kafa shi bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da rayuwa ta ƙara tsanani, kuma yana nan da ransa. Ga abin da zan gaya wa mai son yin irinsa.

Kafin ka taɓa waya, ka zauna da mutum uku ko huɗu da unguwa ta yarda da su, ku tsayar da abin da zauren zai yi. Namu uku ne kacal: rashin lafiya, rasuwa, da kuɗin makarantar marayu. Muka rubuta su a wurin bayanin zaure. Wanda ya zo da maganar gyaran taransifoma, mu ce magana ce mai kyau, amma ba nan ne wurinta ba.

Kada ka yaɗa hanyar shiga a Facebook. A saitin zaure akwai inda za ka kunna yadda babu mai shigowa sai admin ya amince, mu kuma ba ma amincewa sai wani na ciki ya ce ya san mutumin, ya san gidansu. Yanzu zaure na ɗaukar mutum 1024, amma mu ba mu wuce saba'in ba, kuma ba na sha'awar mu wuce. Sannan ɗaki biyu muka yi: na sanarwa, wanda admin kaɗai ke iya rubutu, da na tattaunawa. A na farkon ake sa neman jini da lokacin jana'iza, don kada abin da ya faru da maƙwabcina ya maimaitu.

A cikinmu akwai ɗan Izala, akwai Batijjane, akwai Baƙadire, akwai wanda shi dai sallarsa kawai yake yi. Dokarmu ita ce ba a kawo saɓanin malamai, ba a kawo siyasa. Mai tambayar addini ya je wa liman kai tsaye, domin da zarar an jefa tambayar ƙabalu da sadalu cikin mutum saba'in, muftai saba'in za a samu. Haka saƙon da aka yi ta turawa, wanda WhatsApp ke sa wa alamar kibiya biyu, ba ya kwana a wurinmu. Masu shekaruna ba su manta daren Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, da aka yi ta tashin mutane ta waya a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har wasu suka kwana a gadon asibiti. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu da bin diddigin labari. Ganin wata kuwa, sanarwar fadar Sarkin Musulmi muke jira.

Idan wani ya karya doka, ka goge saƙon, sannan ka kira shi ta waya. Kada ka yi masa faɗa a bainar jama'a, balle idan ya girme ka. Wani dattijo da na taɓa yi wa gyara a cikin zauren farko, wata shida ba ya amsa gaisuwata, kuma ni ne da laifi.

Sai maganar kuɗi, inda yawancin zauruka ke kifewa. Ba lallai wani ya ci ba, zargi kaɗai ya isa. Kada kuɗin jama'a su shiga asusun da kake cefane da shi, ko da kai waliyyi ne. Idan da hali ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Idan babu, a ware asusu guda da ba ya wani aiki sai wannan, kuma mai riƙe da kuɗi daban, mai rubuta lissafi daban. Zubinmu naira dubu ɗaya ne a wata, mai hali ya ƙara, wanda wata ya yi wa nauyi ba a bin sa bashi. Ranar ɗaya ga wata muna saka lissafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, har da 'yan kuɗin da banki ke cira. Ko ba wanda ya tambaya, ka saka. Hoton rasit da wani ya turo kuma ba shaida ba ne, sai ma'aji ya ga kuɗin a asusu, don alat na bogi ya yi yawa.

Zakka muna ware ta daban da sadaka, saboda aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba ta, ba a sayen tabarmar zaman makoki da ita. Kuɗin magani kuwa ba ma miƙa su a hannu. Ɗayanmu ne ke zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya biya a wurin karɓar kuɗi ya karɓo rasit. Wannan ya raba mu da zargi, ya kuma raba mai jinya da 'yan uwan da za su ji an ba shi kuɗi su taso.

Abin da na fi tsananta a kansa shi ne rufin asiri. Ba a saka hoton mara lafiya, ba a saka hoton maraya riƙe da buhun shinkafa. Na san hoto na sa mutane su buɗe aljihu, na gani a shafuka da dama, amma yaron nan zai girma, hoton kuma ba ya gogewa daga wayoyin mutane. Mai buƙata yana tuntuɓar admin a keɓe. Mutum biyu su taka zuwa gidan, domin gani ya kori ji, sannan a rubuta a zaure cewa wani bawan Allah a layin bayan masallaci na buƙatar kaza don tiyata. Idan mace ce, mata ke zuwa. Suna da nasu zauren ƙarƙashin malamar Islamiyyarmu, kuma gaskiya sun fi mu sanin gidan da aka kwana da yunwa, don magidanci zai fito da wankakkiyar riga ya ce maka lafiya lau. Sunayen masu bayarwa ma ba ma jerawa da adadin abin da suka bayar. Da muka gwada haka sau ɗaya, masu ɗari biyar suka daina turowa don kunya, wani kuma ya fara jin zauren nasa ne. Baƙara aya ta 264 ta gargaɗe mu kan ɓata sadaka da gori.

Ka kuma koya wa kowa, musamman dattawa, cewa lambobi shidan da WhatsApp ke turowa ta tes ba a faɗa wa kowa su. Ɓarayi kan kira su ce za a yi taron zaure ta intanet, karanto mana lambar da ta shigo maka. Da haka aka ƙwace layin WhatsApp na wani Alhajinmu aka shiga roƙon kuɗi da sunansa. Tun daga ranar, duk sabon shigowa sai na zauna da shi mun sa makulli na biyu, wato lambar sirrin da ake kunnawa a saitin asusu. Kuma duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, a kira shi a ji muryarsa tukuna.

Muhimmiyar sanarwa a yi ta a rubuce, a kuma maimaita da gajeren saƙon murya, don ba kowa ke karanta boko ba. Waɗanda suka fi buƙatar taimakon ma galibi ƙaramar waya ce a hannunsu, ko babu sam. Shi ya sa kowane layi muka ba shi wakili guda da ke leƙa tsofaffi ya kawo mana labari, kuma Juma'ar farko ta kowane wata muna zama a harabar masallaci bayan Isha'i, ma'aji ya karanto lissafin da bakinsa, mai tambaya ya yi.