Yadda ake tsare tankin gazuwal na gida daga sata

Mai gurup ko injin niƙa ko na ban ruwa a Maraɗi ya san in bazara ta kama, wutar NIGELEC ta fara ɗaukewa, sai an ajiye gazuwal a gida. Ɓarawo ba kasafai yake ɗaukar tankin ba. Tiyo yake zurawa ya cika bido ɗaya, gobe ma ya ƙara.

Ka fara da mazauni. A dasa tankin kan daɓen siminti cikin gida, nesa da katangar waje da kuma murhu, inda ake hango shi daga ƙofar ɗaki. Mai walda ya kewaye shi da kejin rodi mai kaurin milimita 12, a binne ƙafafun cikin siminti, a sa rufin kwano saboda rana. Kada a taɓa yin walda a jikin tankin da ya taɓa shan mai, ko da babu komai a ciki, domin tururin da ya rage yana iya fashewa.

Mutane kan kulle murfi su mance sauran ƙofofi. In tankin naka tano ne mai lita 200, baki biyu gare shi, babba da ƙarami. Sanda ɗaya ta ƙarfe ta haye su duka, kwaɗo a ƙarshenta. Kwaɗon ya zama mai ɓoyayyen wuya, wanda almakashin ƙarfe ba ya samun wurin kamawa. Famfon ƙasa ya shiga akwatin ƙarfe, layin da ke zuwa inji kuma ya zama bututun ƙarfe, don na roba wuƙa ta ishe shi. Hujin shan iska kada a toshe shi, a dai lanƙwasa bakinsa ƙasa a sa masa raga.

Awo ya fi kwaɗo kama sata, tunda sau da yawa mai zuƙar yana da makulli. Ka tanadi sanda mai alamu. A tano da ke tsaye, santimita ɗaya kusan lita biyu da rabi ne. Ka auna safe da yamma, ka rubuta tare da awannin da inji ya yi aiki, don ka ga ko man da ya ragu ya yi daidai da aikin injin.

Wani kan zuba ruwa ya maye gurbin abin da ya ɗiba. Ruwa ƙasa yake kwanciya, saboda haka duk mako ka tsiyayo kaɗan daga gindin tankin cikin kwalba ka duba, kafin ruwan ya kai ga lalata injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji.