Yadda Za Ka Yi Idan Halin da Jaruminka Yake Ciki Ya Fara Damunka

A wata majalisar shayi da nake zama a Hindawiyya ta Jidda, wata rana bayan sallar Isha'i, wayar wani matashi ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Bidiyo ne na wani mawaƙin Hausa da ya fito kai tsaye a Instagram da tsakar dare, ya rame, idonsa ya faɗa, yana magana tana yankewa, ya yi dariya inda babu abin dariya, daga bisani ya fashe da kuka. Kafin a zuba shayi na biyu an riga an yanke masa hukunci uku: wannan ya ce ƙwaya ce, wancan ya ce jifansa aka yi, na ukun ya ce ai kawai ya zare. Mai wayar bai tanka ba sai da muka tashi, ya biyo ni ya ce, "Kawu, tun ina yaro nake jin waƙoƙinsa, kuma abin nan ya hana ni barci. Me ya kamata in yi?"

Ka fara da rarrabe abin da idonka ya gani da abin da zuciyarka ta ƙara. Ka ga rama, ka ga kuka, ka ji magana marar kan gado, amma ba ka ga ciwon damuwa ko taɓin hankali ba, domin waɗannan sunaye ne da likita ke bayarwa bayan ya zauna da mutum, ya tambayi barcinsa da cin abincinsa da magungunan da yake sha da abin da ya same shi a watannin baya. Rashin barci da rasuwa a gida da zazzaɓi mai zafi duk suna iya sauya kamannin mutum da maganarsa. Su kansu likitocin ƙwaƙwalwa sun taɓa ƙona hannunsu a kan wannan. A 1964 wata mujalla a Amurka ta tambaye su ko ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater yana da lafiyar hankalin da zai yi mulki, fiye da 1,000 suka ce ba shi da ita alhali ba su taɓa duba shi ba, ya kai mujallar ƙara kotu kuma ya yi nasara. A 1973 ƙungiyarsu ta kafa ƙa'idar da ta hana likita faɗin ciwon wani fitaccen mutum da bai duba ba. Abin da aka hana mai digiri, bai kamata mai kofin shayi ya ɗauka ba.

Daga nan sai ka tsayar da bidiyon a wayarka, kada ya wuce. Yawancinmu muna tura irin wannan abu a WhatsApp tare da rubuta "a taya shi da addu'a", muna ganin alheri muka yi, alhali mun ƙara masa 'yan kallo ne a ranar da ya fi buƙatar sutura. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa mugun zato da bin diddigin sirri da giba a wuri guda, kuma su ukun sukan taru a cikin tura bidiyo ɗaya. Ga mu mazauna Saudiyya akwai ƙarin dalili: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta na'ura ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Mai zaman iƙama ya san abin da wannan ke nufi ga zamansa.

Idan za ka aika masa saƙo, ka aika a asirce, ya kasance gajere, kuma kada ka sa ran amsa, domin kai ka san shi shekaru, shi kuwa bai san da kai ba. Kada ka ce masa "je ka ga likitan mahaukata", kada kuma ka yi masa wa'azin cewa mai imani ba ya shiga damuwa, wanda a ganina shi ne kalamin da ya fi hana mutanenmu neman magani. Ya isa ka ce waƙarsa ta amfane ka, kana yi masa addu'a, kuma idan nauyi ya yi masa yawa, ganin likita ko ƙwararren mai ba da shawara ba abin kunya ba ne. Idan kuwa shi da kansa ya fito ya faɗi abin da ke damunsa, ka karɓa. Lokacin da Naomi Osaka ta janye daga gasar tanis ta Faransa a 2021, bayan an ci ta tarar dala 15,000 saboda ƙin zama da 'yan jarida, ita ce ta bayyana cewa tun 2018 take fama da ciwon damuwa, kuma abin da ya rage wa masoyanta shi ne su yi mata uzuri.

Wanda zai iya kai shi asibiti shi ne na kusa da shi: iyayensa, matarsa, manajansa, ko dattawan sana'arsa irin na MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim ta Nijeriya. Idan kana da hanyar isa ga ɗayansu, ka gaya masa abin da ka gani kawai. Idan dangi suka ce ruƙiyya za a yi, ba sai ka yi jayayya ba. Ka tuna musu hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, a yi addu'a kuma a je asibitin ƙwaƙwalwa, ko na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato. Wuri ɗaya ne ba a jira: idan ya ambaci kashe kansa ko ya yi kalaman bankwana, ka kai rahoto nan take ta maɓallin da Instagram da TikTok suka tanada, ka kuma nemi na kusa da shi. Idan yana cikin Saudiyya, a kira 997 don motar asibiti, ko 911 a yankin Makka.

Shi kuwa matashin da abin ya hana shi barci, na ba shi lambar Cibiyar Ƙasa ta Inganta Lafiyar Ƙwaƙwalwa, 920033360, da 937 ta Ma'aikatar Lafiya, domin wanda ke raba dare yana bibiyar halin wani, sau da yawa akwai nasa nauyin da bai sauke ba.

Mu mazauna nan muna da damar da masoya mazauna Kano ba su da ita, tunda jaruman nan suna zuwa Umara, musamman a goman ƙarshe na Ramadan, kuma za ka iya yin kiciɓis da naka a harabar Harami ko a bakin otal a Misfala. Idan haka ta faru, ka bar wayarka a aljihu, kada ka tambaye shi zancen bidiyon. Ka yi masa sallama, ka ce Allah ya karɓi ibada, ya ƙara lafiya, sannan ka matsa gefe ya wuce.