Yadda za ka gane shekarun tsohon agogon Seiko kafin ka zaro riyal ɗinka

'Yan'uwa masu yawon neman tsohon agogo a harajin Sawarik na Jidda, wato kasuwar gwanjo, ko wajen 'yan gwanjon Shara Mansur a Makka, don Allah kar kyan fuskar agogo ya ɗebe ku, ai fuskar ita aka fi yi wa ha'inci. Kana karɓa ka juya bayansa, can labarin yake. Kan Seiko zan fi tsayawa don shi ya fi yawa a hannun mutanenmu, musamman Seiko 5 ɗin nan da alhazai suka riƙa komawa da shi gida tsaraba, wanda ya fara fitowa a 1963.

A murfin baya za ka ga lambobi iri biyu. Ta farko siriyal ce, galibi guda shida a jere. A cikin shidan nan, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ne, 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba kenan, sai O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. Misali in ka ga ta fara da 2N to watan Nuwamba ne na shekarar da ta ƙare da 2. To amma wace 2 ɗin? 1972 ko 1982 ko 1992? Nan mai sayarwa zai rantse maka da girman Allah cewa ta can baya ce.

Shi ya sa sai ka duba ɗaya lambar, mai guda huɗu sai ɗan layi sai wasu huɗu. Huɗun farko lambar inji ce. Inji 6309 an yi shi daga 1976 zuwa wajen 1988, kenan 2N a kansa Nuwamban 1982 ne, ba wata gardama. Amma in da 7 siriyal ɗin ta fara to kana tsaka mai wuya, don 1977 na iya zama 1987 ma na iya zama, sai dai ka haɗa da salon fuska da na ceni ka yi hukunci. 6119 ya girme shi, na ƙarshen shekarun 1960 ne zuwa cikin na 1970. Shi kuwa 7S26 sai 1996 ya fito, duk wanda ya ce maka kakansa ya saye shi zamanin Sarki Faisal murmushi kawai za ka yi masa, Sarkin ya rasu tun 1975. Wata alamar kuma, in an rubuta WATER PROOF a murfin to galibi bai wuce wajen 1970 ba, daga nan suka koma rubuta WATER RESISTANT.

Yanzu ka dawo kan fuskar. Can ƙasa wajen ƙarfe shida akwai ɗan mitsitsin rubutu, ka ɗauka da kyamarar wayarka ka zumo shi. Dole ya fara da lambar injin da ke baya. In baya ta ce 6309 fuska ta ce 7009 to haɗin gambiza ne. In kuma babu rubutun sam, ga fenti ja wur ko kore shar yana ta sheƙi, haruffan sun yi kauri wasu sun karkace, to irin waɗanda ake sake wa fenti a Indiya ne, sun cika kasuwa wallahi. Ni dai gara min fuska da ta ɗan dishe amma ta asali. Ranakun mako na Larabci da Turanci kuwa ba abin tsoro ba ne, haka kamfanin ya yi su don kasuwar nan.

Kafin ka biya ka ce a buɗe murfin a gabanka, ko ku je wajen mai gyaran agogo. Lambar injin tana rubuce a jikinsa, ita ma ta zo ɗaya da sauran biyun, sannan ka duba tsatsa da alamar shigar ruwa. Ka ɗan girgiza shi, otomatik mai lafiya, wato wanda motsin hannu ke ba shi wani, nan take zai tashi, hannun sakan yana tafiya sulul, in yana tsalle ɗaya-ɗaya to na batir ne. Mai kaya ya ce ba a buɗewa? Halas, miƙa masa abinsa ka ƙara gaba zuwa tebur na kusa.