Yadda ake kula da dattijo mai ciwon kai irin na ɗaurewa

Wannan shi ne ciwon kan da ya fi yawa a tsakanin mutane. Mai shi zai ce maka kamar an ɗaura masa ƙyalle a goshi an ja tamau, nauyi ta gefe biyu har ƙeya da wuya. Ba ya bugawa, ba ya sa amai, kuma tafiya ba ta ƙara shi. Yakan yi minti 30, yakan kuma kai kwana 7.

Kafin ka kai hannu ga magani, fara da tambaya guda: ya saba da irin wannan ciwon tun da can, ko sabo ne? A ganina nan ne ake yawan sakaci. Ciwon kan da ya fara bayan shekara 50, ko wanda ya sauya kama, sai likita ya duba. Ka lura in yana jin zafi a gefen goshi lokacin taje kai, ko muƙamuƙinsa na gajiya yana cikin tauna, ko ganinsa ya soma dusashewa. Hakan na iya zama kumburin jijiyar jini ta gefen kai, wadda jinkiri a kanta kan jawo makanta. Ka tambaye shi ko ya faɗi kwanan baya, domin jini na iya taruwa a hankali cikin kai har makonni, balle in yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin. Ruɗewa, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon da ya faɗo lokaci guda da tsanani, a tafi asibiti nan take.

In an tabbatar na ɗaurewa ne, sai a koma kan abin da ke tayar da shi. Tsufa na rage jin ƙishirwa, don haka ka ajiye masa ruwa kusa da hannu, kada ka jira ya nema. Abinci da barci su zama kan lokaci. Ka jiƙa tawul a ruwan ɗumi, ka matse, ka ɗora masa a bayan wuya, sannan ka ɗan tausa kafaɗun a hankali. A duba tabaransa ma, ko ya daina yi masa daidai. Wasu magungunan zuciya da na hawan jini na kawo ciwon kai. Kada a daina su, a gaya wa likita.

Ga magani, parasitamol ake farawa da shi. Babba ba ya wuce giram 4 a rana, wanda kuma nauyinsa bai kai kilo 50 ba ko yake da matsalar hanta, ƙasa da haka ya dace. Ibuprofen da diklofenak kuwa a yi hattara, suna iya sa ciki zubar da jini, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini.

Sai ka rataye kalanda, duk ranar da ya sha maganin ciwo ka yi alama. Shan sa kwana 15 ko fiye a wata na iya haifar da wani ciwon kan na daban. In ciwon na zuwa kwana 15 a wata har sama da wata 3, likita na iya ba shi amitriptilin don rigakafi, amma da ƙaramin awo, saboda yana sa tsoho jiri da bushewar baki, yana kuma ƙara haɗarin faɗuwa.