Yadda Ake Ciyar da Macijin Gida da Daskararren Ɓera

Masu kiwon maciji a gida, musamman ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa idan ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, sun fi dogara da ɓerayen da aka kiwata a gona ta musamman, aka kashe, aka daskarar a firiza. Ɓera mai rai yana iya cizon maciji har ya ji masa mummunan rauni, shi kuwa wanda aka kamo a rumbu ko a kwata ya fi haɗari, domin wataƙila ya ci guba, kuma a Afirka ta Yamma akwai ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa.

Sai dai sanyi ba ya kashe ƙwayar salmonela, wadda ke haddasa gudawa da zazzaɓi. A shekarar 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano cewa daskararrun ɓeraye ne suka harbi mutane a jihohi da dama. Saboda haka a ajiye su cikin mazubi mai murfi, nesa da abincin mutane, idan da hali ma a firiza ta daban, kuma kada ƙananan yara ko mai juna biyu ko tsofaffi su taɓa su. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, duk ɓeran da ya narke ya sake daskarewa, zubar da shi ya fi.

Wurin narkarwa ne ya fi bukatar natsuwa. A zaɓi ɓeran da kaurinsa bai wuce wuri mafi kauri a jikin macijin ba, a saka shi cikin leda a ɗaure bakinta sosai, sannan a bar shi ya kwana a firji cikin mazubinsa, ko a nutsa ledar cikin ruwan sanyi a bokitin da aka ware don wannan aiki kaɗai. Kada a sa shi a na'urar ɗumama abinci ko a tafasasshen ruwa, domin bayansa zai dahu alhali cikinsa na nan da ƙanƙara, wani lokaci ma cikin ya fashe. Kafin a ci gaba, a latsa cikin ɓeran da ƙirjinsa ta bayan leda: muddin an ji tauri ko sanyi, bai narke ba. A ganina wannan gwajin ya fi kowane mataki muhimmanci, saboda maciji ba ya samar wa jikinsa zafi, kuma idan ya haɗiye abu mai ƙanƙara narkewar abinci takan tsaya, ya amayar da shi, abin da ke galabaitar da shi ƙwarai.

Bayan ya narke, sai a nutsa ledar cikin ruwan ɗumi na kamar minti 10 zuwa 15, har ya kai ɗumin jikin ɓera mai rai, wato wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Mesa tana da ƙananan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin abin farauta da su, don haka sau da yawa ba ta kula ɓera mai sanyi.

A miƙa shi da dogon hantsaki, ba da hannu ba, domin maciji ba ya bambance yatsa mai warin ɓera da ɓeran kansa. A ɗan motsa shi a gabansa, da yamma ko da dare. Idan ya ƙi karɓa, ana iya barin ɓeran a kejin ya kwana, amma da safe a jefar da shi, kada a mayar firiza. Macijin da ke shirin saɓa, wanda idanunsa suka yi hazo, yakan ƙi abinci, kuma wannan ba ciwo ba ne. Ramewa ko yawan amai ne ke bukatar likitan dabbobi.

Ƙaramin maciji yakan ci duk bayan kwana 5 zuwa 7, babba kuwa mako biyu ma ya wadatar. Bayan ya ci, kada a ɗauke shi sai an yi kwana biyu. A wanke hantsaki da bokiti da ruwan bilic nesa da kicin, sannan a wanke hannu da sabulu ko da an sa safar hannu.