Kada sandarka ta kuɓuce a kendo

Masu koyon kendo, wato wasan takobi na Japan, idan abokin karawa ya naɗe shinai ɗinka (sandar gora da ake wasan da ita) da tasa zai fizge, kada ka yi ja-in-ja da shi. Sassauta hannun dama, ka bar bakin sandar ya zagaya ƙarƙashin tasa ya dawo tsakiya.

Riƙon gaske a hannun hagu yake: ƙaramin yatsa da na kusa da shi, can ƙarshen mariƙi. Hannun da ya ƙage shi ake ƙwace wa sanda, domin juyin ya samu abin turawa.

A gasa, faɗuwar shinai laifi ne. Laifi biyu, an ba abokin karawarka maki ɗaya.

Amma idan hagun ya gaji, ko fatar mariƙin ta yi santsi, dabarar ba za ta cece ka ba. Ja da baya ka gyara riƙo, fatar kuma ka canza ta.