Yadda nake sauke damuwa daga jikina a makon Sallah

Ni tela ne, shagona yana wajajen Ƙofar Marusa a nan Katsina, shekara 17 ke nan ina kan keke. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san goman ƙarshe na azumi: shadda da yadi sun yi tsibi, an ɗauke wuta, kowa ya shigo nasa ne na gaggawa. Bara waccan abin ya kai ga hana ni barci. In na kwanta sai gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili, in wayi gari muƙamuƙina na ciwo saboda cizon haƙora, wuyana kamar na kwana ɗauke da buhun gero.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ranar da ta kawo ɗinkin 'ya'yanta ta tsaya tana kallona ina yanka, sai ta ce, "Yaya, dubi kafaɗunka, sun kusa taɓa kunnuwanka. Sauke su." Wallahi sai da ta faɗa na ji ashe tun safe a ɗage suke. Ta ce idan mutum ya shiga zullumi jikinsa yakan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure kamar mai shirin dambe. Ka ce wa zuciyarka ta kwantar da hankali ba za ta ji ba, amma jiki yana jin magana, kuma in ya sake, tunani yakan biyo shi. Abin da ta koya mini ke nan, shi nake so in ba abokan sana'a.

Fara da numfashi, shi ne babba. Zauna ka jingina bayanka, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ɗora hannu a kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu a ranka, ka bari ciki ya ɗago hannun nan, ƙirji ya zauna inda yake. Sannan ka fitar ta baki a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Sirrin yana wajen fitarwa. Akwai doguwar jijiya da likitoci ke kira begas, wadda ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa zuciya da huhu da ciki, ita ce birkin zuciya, kuma lokacin fitar da numfashi take kamawa. Baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da wannan ƙirgar za ka sauko kusan sau 6. Yi minti biyar. Ranar farko ciki ba zai yarda ba, ƙirji ne zai yi ta tashi, kada ka damu. In ka ji jiri, to kana ja da ƙarfi ne, sassauta.

Na biyu na dare ne, shi ya dawo mini da barci. Wani likitan Amurka mai suna Edmund Jacobson ne ya fito da shi, ya wallafa shi a 1929. Hikimarsa ita ce mutumin da ya daɗe a ɗaure ya manta yadda sakewa take, sai ya ɗaure tsokar da gangan sannan ya gane bambanci. Kwanta rigingine a tabarma. Dunƙule hannu biyu tamau kamar daƙiƙa biyar, sai ka sake gaba ɗaya, ka saurari ɗumin da ke bin yatsunka na kamar daƙiƙa goma sha biyar. Ɗaga kafaɗu zuwa kunne, riƙe, sake. Yamutsa fuska, runtse ido, sake, ka bar haƙoran sama da na ƙasa su rabu, harshe ya kwanta. Haka za ka bi ciki, cinya, sha-raɓa, har yatsun ƙafa. Mu masu taka keke, a sha-raɓa gajiya ke ɓuya, don haka nakan maimaita ta sau biyu. Inda kake da ciwo ko targaɗe, tsallake shi. Kuma kada ka riƙe numfashi lokacin ɗaurewar, musamman in kana da hawan jini.

Idan faɗuwar gaba ta zo maka tsakar aiki, tashi ka zuba ruwan randa mai sanyi a fuska, yana rage gudun zuciya. Ni alwala nake yi a tsanake, ba irin ta mai gudun rasa raka'a ba. Bayan la'asar kuma nakan ajiye almakashi in taka zuwa Ƙofar Soro in dawo, waya a aljihu.

Goro da Nescafé da lemon ƙarin kuzari da muke raya dare da su duk suna ɗauke da kafeyin, su ma suna sa zuciya bugawa. Na daina su daga magariba. Yaran shagona kuwa na ja musu kunne kan tiramol da kodin. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya lalata matasa.

Ƙanwata ta sa na yi mata alkawari guda, kai ma ka riƙe shi. In ciwon ƙirji ya zo da zufa, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe, a tafi asibiti nan take. In kuma damuwar ta yi makonni tana hana ka ci da barci da aiki, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, ka faɗa wa wani naka, ku je ku ga likita, a auna maka jini tun a ranar.